Ranar Da Inna Ta Shanya Finafinan Kaka

A gidanmu na Zongo, duk abin da ya jiƙe shanya shi ake yi. Doka ce, Inna ta kafa ta, kuma ba a ɗaukaka ƙara. Katifa, tabarma, littattafan da nake karatu da su a lekwal, takalmin Baba. Ni kaina in ruwa ya dake ni a hanya, sanɗa nake yi in shige ɗaki, don kada in tsinci kaina a kan igiya an maƙale mini kunne.

Daminar bara ruwa ya shigo mana gida, kamar yadda ya saba yi wa mutanen Kwatano ba sallama. Ya shiga zaure, inda Kaka, mahaifin Baba, yake da kabad cike da kasakasan bidiyo. Tun yana direban babbar mota tsakanin nan da Yamai yake tara su: na kaboyi, na Indiya, na 'yan kareti, da wasu wasannin tele da ya naɗa da kansa. Kullum bayan la'asar abokansa biyu sukan zo, wani tsohon mahauci da wani tsohon dillalin goro. Sun haddace kowane fim, amma duk ranar duniya sai sun yi musu a kan ko jarumin zai tsira, kamar wata rana zai canja shawara.

Ranar da rana ta fito, Kaka ya tafi ta'aziyya, ni kuma ina lekwal. Inna ta kwashe kasakasan nan kaf, har waɗanda ruwa bai taɓa ba, wai ɗanshi ya shige su. Ta jera su a kan rufin kwano, layi-layi, gwanin sha'awa. Ko da na dawo sun lanƙwashe kamar busasshen kifin kasuwar Dantokpa. Wani ya yi doro, wani ya yi ruku'u.

Kaka ya dawo, ya ɗauki ɗaya, ya juya shi. Inna ta durƙusa daga nesa, mayafi ya rufe rabin fuska.

"Baba, a yi haƙuri. Ban sani ba."

"Ba komai, 'yata," in ji shi. "Ai sun bushe."

Na so in yi dariya, sai na ga ya shiga goge kaset ɗin da hannun rigarsa.

Abokan nasa sun zo washegari. Aka yi gaisuwa, aka sha shayi, aka zura wa tele baƙa ido. Ashe duk shekarun nan fim ne ke yi musu hira. Daga nan mahauci ya fara ciwon gwiwa, dillali ya fara samun baƙi, zaure ya koma daga Kaka sai fanka. Baba ya saka masa wani fim a waya, ya kalla kaɗan ya miƙo.

"Wannan dokin ai ƙuda ya fi shi girma."

Shi kuwa Baba, atamfa yake sayarwa a kasuwa, kuma ya daɗe yana hararar wurin kabad ɗin nan don ajiye kaya. Ya ce ranar Lahadi mai amalanke zai zo ya kwashe tarkacen, har da na'urar bidiyon da ta tsira a saman kabad.

"Baba, in ɗaya ya yi fa?"

"Ɗaya me?"

"Kaset ɗaya. In ya nuna hoto."

Ya dube ni yadda ake duban akuyar da ta ce za ta tuƙa zem, babur ɗin haya. "In ya nuna, kabad ya zauna. In bai nuna ba, ke za ki taya mai amalanke lodi."

Na ɗauki kaset guda na leƙa ta ɗan gilashinsa. Zaren yana nan a naɗe, baƙi wuluk. Gidan ne ya narke, watakila hanjin da sauran rai. Ke nan sabon gida nake bukata.

Na zaga Zongo gida-gida ina tambayar tsohon kaset. An yi mini dariya har da riƙe ciki. Wata ta tambaye ni ko ina son a haɗa mini da fitilar aci-balbal. Tafiyar da na yi, da miƙewa na yi da na isa Makka. A ƙarshe na same su a shagon wani tela, guda biyu, ya tokare ƙafar keken ɗinkinsa da su saboda daɓen ba daidai yake ba. Na kawo masa guntun katako, muka yi musaya, kowa yana ganin ya cuci ɗan'uwansa.

Na shimfiɗa tabarma a zaure da turnabis ɗin Baba na kwance ƙusoshi. Kaka yana kan kujera yana jan carbi, wai ba ya kallona.

"Amarya, bar wahalar da kanki."

"Tsoho, in ba ka yi shiru ba yau sai ka ba ni takardata. Wanne kake so in fara da shi?"

"Duk ɗaya ne."

Bakinsa ne ya faɗi haka. Idonsa yana kan wani na kaboyi mai jan tambari.

Na kwance na farko cikin kasakasan telan a kife, na ɗaga murfin da ƙarfi, sai kayan cikinsa suka watse kamar an harbi tattabaru. Wani ɗan ƙarfe ya tashi ya faɗa cikin shinkafar da Inna ke tsincewa a bakin ƙofa. Har yau ba a gan shi ba, kuma kowa a gidan lafiya ƙalau. Saura gida ɗaya.

Na biyun na lallaɓa shi kamar jariri. Na kwance, na juya shi, na ɗaga murfin a hankali, na tsaya na ƙare wa hanyar da zaren ke bi kallo har ta zauna mini a ka. Sannan na fasa gidan kaboyin da ya narke, na ciro hanjinsa. Fumfuna ta yi masa fari-fari. Sai na riƙe zaren da auduga, ina juya ƙwaryar da yatsa, yana wucewa yana gogewa. Ban taɓa sanin fim yana da tsawo haka ba. Na juya da safe kafin lekwal, na juya da yamma. Yatsana ya kumbura ya yi kamar ayaba. Inna, da ba ta iya haɗa ido da kabad ɗin, ta riƙa turo mini auduga. Da na gama, na cire hanjin kaset ɗin tela, na saka na kaboyi a gidansa, na bi da zaren ta hanyarsa, na ɗaure.

Ranar Lahadi ban gwada shi ni kaɗai ba, don ina tsoron sau ɗaya kawai zai yarda ya yi. Na je gidan mahauci da na dillali na ce Kaka na kira, akwai fim. Gwiwa ta warke nan take, baƙi suka tafi. Da la'asar zaure ya cika. Baba ya harɗe hannu a bakin ƙofa, mai amalanke yana bayansa yana cin gyaɗa.

Na yi bismilla na tura kaset. Na'urar ta haɗiye shi, ta yi gurnani kamar ta ci abin da bai karɓe ta ba. Tele ta yi shuɗi. Ta yi layi-layi. Ta sake yin shuɗi. Mai amalanke ya karkaɗe hannu ya fara naɗe hannun riga.

Sai ga doki.

Kore ne shar, sama kuma ruwan hoda, kaboyin yana karkarwa kamar mai zazzaɓi, muryarsa kamar daga ƙarƙashin ruwa take fitowa. Amma doki ne, kuma gudu yake yi.

Baba ya matso gaban tele ya sunkuya. "Wannan ai ba fim ba ne, ciwon ido ne."

"Kai, yaro, matsa!" mahauci ya daka masa tsawa. Baba, da furfurarsa da komai, ya matsa.

"Yau kam sai sun kama shi," in ji dillali.

"Su wa? Waɗannan ragwayen?"

Baba ya ɗan tsaya, sannan ya fita ya sallami mai amalanke. Da ya dawo bai shigo ba, bai kuma tafi ba.

Kaka bai ce mini na gode ba. Idonsa na kan tele, ya sa ƙafa ya turo mini kwalin sauran kasakasan har ya taɓa gwiwata.

"Amarya, na Indiyan nan mai koren tambari. Kafin Juma'a."

Na nuna masa yatsana. Ko kallo bai yi ba, don a daidai lokacin aka fara harbi.