Saniyar da Juli Ya Ɗaura Mini

Wayyo Allah! Juli ya rasu.

Da safen nan ɗansa Buba ya kira ni ina shirin shan koko. Ya ce, "Baba Fasto, sai haƙuri, tsoho ya tafi." Na ce wane tsoho? Har ga Allah kaina bai kawo shi ba. Mutumin da na gani makon jiya a kasuwar Gwiwa yana ciniki yana dariya?

Har yanzu kokon na nan, ban taɓa ba.

Da yawanku a Fesbuk ɗin nan kun san ni da wa'azi, amma ba ku san Bafulatani Musulmi ne ya ɗauki nauyin karatuna ba. Yau zan faɗa.

Ni mutumin Nijar ne, daga wani ƙauye kusa da Magarya. Ina saurayi ikilisiyarmu ta turo ni makarantar tauhidi a wajen Roni, da alkawarin duk kaka za su sayar da gyaɗa su aiko. Shekarar farko sun aiko. Na canza sefar a Babura, ta ɗan riƙe ni.

Sai fari ya zo. Gyaɗa ba ta yi ba, gero bai yi ba, mutanenmu kansu abin da za su ci suke nema. A nan Najeriya kuma kuɗin mai ya fara shigowa, kaya sai tashi suke yi, sefa ta zama abin tausayi.

Shugaban makaranta ya kira ni. Ya ce tallafin da ke akwai na 'yan ƙasa ne, baƙo sai ya kawo mai ɗaukar nauyinsa, in babu ya koma gida. Gida kuwa wane gida? Na koma in ƙara musu baki?

Juli na san shi ne a ɗakin shan magani na mishan, inda nake taya aiki. Wani sa ne ya soke shi a cinya, ni nake wanke masa ciwon. Duk zuwa sai ya tsokane ni, "Ɗan Faransa, a hankali, ba fatar jaki ba ce!"

Ran nan ya ga fuskata ya ce me ya faru. Na gaya masa. Ya ɗingisa ya tafi.

Washegari sai ga shi a ƙofar ofishin shugaba da saniya mai farin goshi, cikinta ya tsufa. Wule sunanta. Ya ce da shugaba, "An ce yaron nan ya kawo mai ɗaukar nauyinsa. To ga ta."

Ɗalibai suka fashe da dariya. Ni kunya kamar in nutse.

Ya yi bayani. Al'adarsu ce, habbanaye: a ɗaura wa mutum saniya aro, ta haihu sau uku, 'ya'yan nasa, sannan uwar ta koma wa mai ita. Ya ce ita za ta zauna a rugarsa tunda ni ko igiya ban iya ɗaurawa ba. Nono matarsa za ta sayar in ci abinci, maraƙi in ya tasa a sayar a biya makaranta. Shugaba ya ce zai jira a sayar da maraƙin.

Ku tuna fa, shekarar da shanu ke faɗuwa a hanya ce. Garken Juli ya ƙare saura 'yan kaɗan.

Ni da zafin kaina na ce, "Juli, me zai hana a sayar da ita gaba ɗaya a huta?" Ya harare ni. "Kai boko ya ɓata ka. Ka cinye uwar bana, baɗi ka ci me? Ba a taɓa uwa."

Danginsa sun yi ta surutu, wai ya ba Kirista saniya don ya karanta littafin Nasara. Ya ce musu, "Da ƙafata ke wari waye a cikinku ya taɓa ta?" Magana ta mutu.

Wule ta haihu uku, na gama karatu, na je rugar na ja ta da hannuna na miƙa masa igiyarta. Bai taɓa ce mini in bar addinina ba, ni ma ban taɓa takura masa ba. Da Salla naman layya na zuwa gidana, da Kirsimeti shinkafa na zuwa rugarsa.

Makon jiya a Gwiwa, muna zaune a rumfar mai shayi, na ba shi labarin wani ɗalibin makarantar tauhidin daga Cadi, Yohana, wanda ikilisiyarsu ta kasa aiko masa, an ce ya tattara kayansa ƙarshen wata. Hira kawai nake yi, ban roƙe shi komai ba. Ya ce, "Ɗan Faransa, har yanzu ba ku koyi dabara ba?" Muka yi dariya muka rabu.

Ashe rabuwar ke nan.

Da Buba ya gama gaya mini lokacin jana'iza, sai ya ce, "Baba Fasto, akwai kuma saƙo. Shekaranjiya tsoho ya ware karsana ɗaya, jinin Wule ce, tana da ciki. Ya ce ta yaron Cadi ce. Ya ce in gaya maka ba a taɓa uwa."



Yohana bai ma sani ba tukuna. Daga jana'iza wurinsa zan wuce.

Ya Allah, ka ga abin da bawan nan naka ya yi wa baƙo. Ka jiƙansa, ka yi masa rahama, ka ba Buba da mahaifiyarsa haƙuri. 'Yan'uwana Kirista da Musulmi, duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa Juli a addu'a yau, kowa yadda ya iya.