Jan Zaren Yaya

Yayata ba ta da faɗa, amma ba ta da mantuwa. Tun muna yara, in ka cuce ta ba za ta yi kuka ba, ba za ta kai ƙara wurin Inna ba. Kallonka kawai za ta yi, ta ci gaba da abin da ke gabanta. Inna takan ce, "Wannan 'yar tawa, ta ciki na ciki." Ni kam bakina bai san hutu ba, shi ya sa na zama tela, ina ɗinki ina zuba. Ita kuwa ta karanci kwamfuta, ta zama mai rubuta manhaja, har ta shugabanci mutum shida a wani kamfani da ke saman shagona. Shekara tara tana hawa benen nan.

A ofishinsu akwai dogon bango. Kowane aiki ana rubuta shi a 'yar takarda a soke da fil. Kullum da safe sukan tsaya a gaban bangon minti goma, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da abin da zai taɓa yau, da inda ya maƙale. Ba sa tsara aikin da ya wuce mako biyu. Sai kuma jan zare, wanda daga shagona yake fitowa. In aikin wani ya jingina da na wani, a ɗaura zare tsakanin fil ɗinsu. Duk wanda zai taɓa wata takarda, dole ya bi zarenta ya je ya yi magana da mai ɗaya bakin.

Na taɓa tsokanarta, na ce, "Yaya, duk karatun nan naki a zare ya ƙare?"

Ta ce, "Manhaja ba keken ɗinkinki ba ce, da za ki kwance ki san aikin kowane ƙarfe. Gidan yawa ce. Ki sauya wa mutum ɗaya ɗaki, sai ki ji rigima ta tashi a madafa. Babu wanda ya san ta duka, har ni. Saninta a rarrabe yake a kawunanmu, zaren ne ke haɗa su."

Ana nan sai mai kamfanin ya ɗauko sabon Manaja. Mutum ne mai ƙamshin turare da ƙaton jadawali na wata goma sha biyu, kowace rana da abin da za a gama a cikinta, kai ka ce da gobe suka yi shawara. Ya hana tsayuwar safe, wai zaman kashe wando ne a tsaye. Ya sa aka kafa katako tsakanin tebura, ya manna wa kowane tebur lamba, kuma da lambar yake kiran mutane. Mai magana ya cike takarda ya jefa a tiren da ke ƙofarsa, shi zai duba ƙarshen wata.

Ranar da ya zo kan bangon, Yaya ta ce, "Ranka ya daɗe, ko komai za a cire, a bar zaren."

Ya yi dariya a gaban yaranta, ya ce, "Hajiya Gizo-gizo, nan ofis ne, ba saƙarki ba. Bakinki ya yi yawa." Ya sa hannu ya fizge zaren gaba ɗaya, takardu suka zube. Daga nan ya mayar da ita ɗan lungun da ke kusa da firinta, aikinta karɓar ƙorafi. Ya kuma rubuta wa mai kamfanin cewa ita ce ke jawo jinkiri, a sallame ta da zarar an miƙa aikin da ke hannu.

Yaya ta durƙusa ta tsince tsinkakken zaren nan tas, ta dunƙule shi ta sa a jaka. Da ta sauko shagona na ga idonta ya yi ja. Wallahi na ɗauki almakashi zan hau sama, ta riƙe ni. Ta ce, "Zauna, ƙanwata. Duk abin da ya ce, shi zan yi. Ba ƙari, ba ragi." Da na ji muryarta sai na mayar da almakashin, don na san wannan muryar tun muna yara.

Aikin da ke hannu manhajar sayar da tikiti ce ta wani mai motocin haya. Manaja ya umarci Dogo, mai tebur na uku, ya sa shafin zaɓen kujera ya riƙa buɗewa da sauri. Dogo ya yi dabara: shafin ya daina tambayar kujerun da suka rage kowane lokaci, ya riƙe jerin da ya gani da farko. Can bayan katako kuma Malam Shiru, mai tebur na biyar, yana rubuta ɓangaren da ke ba fasinja kujera, kuma da waccan tambayar ya dogara ya san an riga an kama kujera. Kowannensu ya yi aikinsa daidai. Da can akwai zare tsakanin takardunsu, yanzu babu.

Yaya ta hango abin daga lungunta. Ta cike takarda da kyakkyawan rubutu, ta sa kwanan wata, ta jefa a tire.

Na ce, "Haba Yaya, ba za ki faɗa masa da baki ba?"

Ta ce, "Ai bakina ya yi yawa."

Ranar miƙa aiki ina ɗakin taron, don ni aka ba ɗinkin sababbin labule, na kuwa ƙi gama ratayewa da gangan. Mai motocin ya zo da matarsa da babban direbansa. Manaja ya yi jawabi, ya nuna jadawalinsa duk ya cika da alamar an gama. Mai motocin ya ciro waya ya sayi tikiti, aka ba shi kujera ta bakwai. Matarsa ta gwada, ita ma ta bakwai. Direban ya gwada, ta bakwai.

Matar ta ce, "Alhaji, ni dai na saba, amma direba a cinyar wa zai zauna?"

Ba wanda ya yi dariya sai ni. Mai motocin ya miƙe ya ce ya ba su mako biyu, in ba haka ba ya kai aikinsa wani wuri. Bayan fitarsa mai kamfanin ya juyo, fuska ba annuri. Manaja ya fara 'yan kame-kame, yana cewa tun farko tsohuwar shugabar ce ta ɓata tushen aikin.

Yaya ta miƙe. Ta je ƙofarsa ta ɗauko tiren gaba ɗaya, ta zaro takardarta daga ƙasa, ta miƙa wa mai kamfanin. Kwana goma sha tara tana kwance a wurin. Ya karanta sau biyu, sannan ya ce, "Za ki iya gyarawa?"

Ta ce, "Ni kaɗai, a'a. Mu bakwai, insha Allahu. A cire katakon nan, a mayar da zare. Kuma wanda ya tsinke shi ne zai ɗaura."

Na ce bari in sauka in kawo sabon zare. Ta ce in tsaya. Ta buɗe jaka ta fito da dunƙulen nan, wata huɗu yana tare da ita, ta ɗora a tafin hannun Manaja.

Aka mayar da takardu bango. Manaja ya tsaya a gabansu yana gumi, turaren duk ya gudu. Ya ce, "Daga ina zuwa ina?"

Ta ce, "Ni ma ban san duka ba, ranka ya daɗe. Su za ka tambaya, ɗaya bayan ɗaya."

Ya juya wajen Dogo ya ce, "Kai, lamba uku."

Dogo bai motsa ba.

Yaya ta ce, "Yana da suna."

Wata huɗu Manaja yana ba mutumin umarni, bai san sunansa ba. Sai da ya sunkuyar da kai ya ce, "Don Allah, yaya sunanka?" Haka ya bi su shidan, yana tambaya yana ƙulla guntu da guntu, Yaya na tsaye ta harɗe hannu. Ban ji tausayinsa ba ko na ƙwayar zarra. Daɗi na ji, har cikin raina.

Sun gyara manhajar cikin kwana tara, Yaya ta koma kujerarta. Manaja bai kai ƙarshen shekara ba. Zaren kuwa yana nan a bango, ya koɗe, duk ƙulle-ƙulle. Sau uku ina hawa da sabuwar ƙwaryar zare in ce a sauya, abin kunya ne alhali ƙanwarta tela ce. Kowane karo sai ta shafa ƙullin da yatsa ta ce, "Bar shi. Da hannunsa ya ɗaura."