Ranar da Na Kashe Dutsen Kaka

Warin farar wuta ba ya barin takalmi, ko sau nawa aka wanke shi. Jiya na buɗe akwatin da na dawo da shi daga tafiya, warin ya buso ni, sai na zauna a bakin gado na kasa kwashe kayan. Na tsufa ina shaƙar wannan wari a bakin duwatsu masu aman wuta a ƙasashen mutane, amma ba can yake kai ni ba. Gida yake mai da ni, wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Bakori, inda ake daka farar wuta a kwaɓa da man kaɗe a goge mana ƙazuwa muna kururuwa.

Kakana na wajen uba ke yin haɗin. Bamaguje ne, bai taɓa taka coci ba, ko da yake ɗansa, wato babana, shi ne mai wa'azin cocinmu. A bayan gari akwai wani ƙaton dutse mai sulɓi, Kaka ne mai kula da shi. Shi ke yanka jan zakara a gindinsa kafin shuka. Ba a fasa ko tsakuwa a wurin, ba a saran itacen da ke kewaye. A gindin akwai wani kwarmi da ruwa ba ya yankewa, ko a tsakiyar bazara da rijiyoyi ke ƙafewa. Mata su jera tuluna, mu kuma mu yi ta zamiya a kan dutsen har zane ya yage a sha duka.

"Amaryata, sa kunnenki nan," in ji Kaka. "Kin ji? Shina numfashi."

Ɗumi kawai nake ji a kumatuna, amma sai in ce na ji. Ina ganin daga nan aikin ya kama ni. Har yau kunne nake sa wa duwatsu, sai dai yanzu da na'ura.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karatun duwatsu, na zo hutu. A lokacin rediyo ya cika gari da labarin wani dutse a wata ƙasa da ya yi aman wuta ya binne garuruwa. Sai ga ruwan farko ya sauka a kan dutsenmu da rana tsaka, bayan ya sha zafi ya ƙoshi. Ya yi ƙara kamar harbin bindiga, wani falle ya ɓare ya gangaro. Gari ya rikice. Mata suka daina ɗiban ruwa, wasu gidaje suka fara ɗaure kaya, ga ƙasa ta jiƙe tana jiran iri. Mai unguwa ya ce a kira 'yar bokon nan ta yi bayani.

Kafin in fita Kaka ya kira ni zaure.

"Mi za ki ce masu?"

"Gaskiya, Kaka. Zafi da sanyi ne suka ɓare shi. Ba wuta a ciki, ba komai a ciki."

Ya daɗe yana murza tabarsa a tafin hannu. "Ki ce masu ba zai yi wuta ba, su koma gona. Ki tsaya nan. Kada ki ce ba komai."

Dariya na yi. Na ɗauka tsohon yana tsoron kada a daina kawo masa zakara ne.

A ƙofar mai unguwa kowa ya hallara, Kirista da Musulmi da Maguzawa. Na yi zane a ƙasa da tsinke, na ga dattawa na gyaɗa kai, kaina ya kumbura. Na ce dutsen nan narkakke ne a da, amma ya huce tun kafin a yi ɗan Adam. Na zo daidai inda Kaka ya ce in tsaya, na ƙi tsayawa. Na ce babu wuta, babu iskoki, dutse ne kawai irin wanda ake fasawa a yi titi. Babana ya yi tafi. Kaka ya miƙe ya kakkaɓe jikinsa ya wuce gida.

An koma gona, an yi shuka, aka yi ta sa mini albarka. Ba a yi damina uku ba wani ɗan kwangila ya zo neman tsakuwa. Da a da ne ko mai unguwa bai isa ya saurare shi ba, amma yanzu kowa ya ji daga bakin mai ilimi cewa ba komai a dutsen. Aka sa nakiya, tifofi suka yi ta jigila zuwa Funtuwa. A fashewa ta farko-farko kwarmin ya tsage, ruwan ya tsiyaye, bai sake taruwa ba. Yau matan ƙauyenmu tafiya mai nisa suke yi da jarkoki in bazara ta yi.

Kaka bai taɓa yi mini gori ba. Ya dai daina ce mini amaryata. "Malama, an zo lafiya?" Haka ya riƙa gaishe ni, da ladabi, har ya rasu. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga baya na yi aikin da na yi buri. Na hau duwatsu masu rai, na yi magana a rediyo da makarantu, na zauna a ƙauyukan da ke gindin wuta ina roƙon mutane su tashi kafin toka ta sauko. Su saurare ni, su ba ni abinci, gari ya waye su koma gonakinsu. Wallahi na gaji. Na gaji da filin jirgi, na gaji da maimaita magana ɗaya ga mutanen da suka fi yarda da tsofaffinsu, kuma ba na iya jin haushinsu yadda abokan aikina ke ji. Abin da na faɗa a ƙofar mai unguwa, ko yau aka ba ni jarrabawa shi zan rubuta. Amma ni ruwan nan ban taɓa sa shi a bayanina ba, shi kuwa tsohon ruwan yake tsaro.

Bara na je gida na tsaya a bakin wurin. Rami ne fari fat, sai ledoji da awaki. Sau ɗaya tak a rayuwata na yi bayani gari guda ya gaskata ni, ba wanda ya yi gardama, ga kuma abin da ya rage.