Gemuna da Ɗakin Tarin Fuka

Ni na sha rana ina bin asibitoci daga Kado har Gwarinpa ina karɓar majinar masu tari, amma ba ni na fara buɗe kwalaben ba.

A jami'ar da nake bincike kan tarin fuka akwai wani ɗaki can ciki, inda ake rainon ƙwayoyin cutar. Ba a shigarsa sai da izinin Madam, wadda aka ɗora wa kula da kada cuta ta kama wani ko ta fita waje. Kafin ta yarda sai ta gwada takunkumi a fuskarka. Za ta kifa maka wata jaka a kai, ta fesa ruwa mai ɗaci. In ka ji ɗacin, to iska na shiga.

Da aka gwada ni, na ji shi har maƙogwaro.

"Oga, gemunka ne," in ji ta. "Takunkumi ba ya kama gashi. Ko ka aske, ko ka tsaya waje."

Gemun da nake tattali tun ina saurayi! Abokin aikina kuwa, wani ɗan Gbagyi da muka fara aiki tare, haɓarsa sumul kamar ƙwai. Kullum ina tsokanarsa da ɗan yaro. Aka fesa masa, bai ji komai ba, aka miƙa masa makulli.

Sai na koma mai leƙe ta gilashi. Wallahi na yi kishi. Ba na yi masa fatan sharri, amma in ya ɗaga kwalbata ya yi min jinjina, ji nake kamar in fasa gilashin. Ya fito yana washe baki: "Oga, yaranka na cikin kwalba suna girma fa!" Yarana, a hannun wani!

Na roƙi Madam, na ce zan nannaɗe gemun in cusa ciki. Ta ce, "Tarin fuka ba ya jin magiya, kuma kana da iyali." Gaskiya ta faɗa, shi ya ƙara ƙona min rai.

Ran Asabar na zauna gaban mai aski. Ya tambaya ko na tabbata, na ce ya yi aikinsa. Da na shiga gida, 'yata ta ƙwalla ihu ta ɓuya bayan uwarta.

Ran Litinin na isa, iska na kaɗa min haɓa. Madam ta dube ni ta dafe ƙirji. A kan teburinta ga wata hula mai injin hura iska, sabuwa fil, irin wadda masu gemu ke shiga da ita. Da safen nan aka kawo ta daga unguwar Idu. Ashe tun ranar gwajin ta nema domina, ba ta dai so ta yi alkawarin da ba ta tabbatar ba.

Abokin nawa ya shafa haɓarsa, ya dubi tawa.

"Sannu da zuwa, ɗan yaro," ya ce.