Keken Jingina na Baba Gana

Baba Gana mai gyaran fanka ya yi shekara talatin da ɗoriya a layinmu na teloli a Fagge, shagonsa na katako manne da nawa. Babarbare ne, kakansa ya zo daga Borno da fataucin kanwa ya zauna. Ni kuma Bafillacen birni ne wanda ko gaisuwa bai iya da Fillanci ba, amma hakan bai hana mu wasan da muka gada ba. Da safe ya leƙo ya ce, "Hamzat bawana, ka share wa ubangidanka ƙofa?" ni kuma in tambaye shi yaushe zai koma garinsu mu huta. Haka muka tsufa tare. Yau shagon babu shi.

Duk Fagge an san shi da kekensa. Shekara goma sha biyu da suka wuce ya faɗo daga tsani yana ɗaura fanka a wani gida, bayansa ya taɓu. Daga nan ya kasa sunkuyawa a kan keke irin namu. Adaidaita sahu kuwa, in ya shiga ta faɗa rami biyu da shi, sai ya kwana biyu a kwance. Yana cikin wannan hali ya ga wani keke a Sabon Gari, a shagon Okechukwu mai sayar da gwanjon kayan Turai. Keken ƙasa-ƙasa ne, maimakon sirdi kujera gare shi mai majingini, fedar tana can gaba. Mutum ya jingina ya miƙe ƙafa ya tuƙa. Ba wanda ya taya shi sai Baba Gana. Da shi yake zuwa daga gidansa a Rijiyar Lemo kullum, hularsa a gyare, yana kishingiɗe a tsakiyar titi. Na sha ce masa duk Kano shi kaɗai ke zuwa aiki a kan gado.

Bara gwiwoyinsa suka soma ƙi. Tafiyar da yake yi a minti arba'in ta koma awa ɗaya da rabi, yana zuwa jiƙe da gumi, ya daɗe bai iya amsa gaisuwa ba. 'Yarsa Ruwaida, malamar makaranta wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarta, ta ce ya isa haka, ya zauna a gida. Ya ce da ni, "Hamzat, ka san abin da ke gidan nan? Katanga huɗu da rediyo. Ranar da na daina fita, ku fara haƙa kabarina."

Shi da Ruwaida suka yi yarjejeniya. Zai mayar da keken na lantarki. In ya yiwu, ya ci gaba da fita. In bai yiwu ba, ya haƙura.

Wata uku ya yi a kai. Okechukwu ya samo masa tayar baya mai inji a cibiyarta. Batiri kuwa, na kanti ya fi ƙarfinsa, sai ya bi masu gyaran kwamfuta yana tattara matattun batiransu. Ya fasa su, ya fito da ƙananan batiran da ke ciki masu kamar yatsa, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya da mitarsa, ya ware masu sauran rai. Ya jera su ya like da dalma, ya sa mai walda ya yi musu akwatin ƙarfe a bayan kujera. Ni na ɗinka wa akwatin riga da ragowar leda saboda ruwan sama. Ban taɓa ganin dattijon nan da walwala irin ta watannin nan ba.

Abu na ƙarshe da Okechukwu ya ba shi wani ɗan allo ne kore, bai kai tafin hannu ba, da za a haɗa tsakanin batiran da sauran wayoyi. Ina wurin ya ce masa, "Baba, wannan shi ne mai gadi. In batir ya yi zafi, ko wuta ya yi yawa, shi zai yanke. Kowane abu ka taɓa, amma wannan kar ka taɓa."

Keken ya tashi. Ranar farko ya bi Titin Ibrahim Taiwo har unguwar Bata ya dawo bai taka feda ba, 'yan layinmu suna ta tafa masa. Ruwaida ta zo ta gani da idonta, ta ce Allah ya tsare.

Sai dai akwai gada a kan hanyarsa, kuma duk lokacin da ya kai tsakiyar hawan, mai gadin sai ya yanke wuta. Tsofaffin batiran ba sa jure nauyin. Keken ya tsaya cak, motoci na yi masa oda, shi kuma ba gwiwar turawa. Sai ya jira minti biyar ya sake kunnawa. Da ya ba ni labari, maimakon in jajanta, wasan ya motsa mini. Na ce, "Ashe akwai ranar da ɗan allo zai ba Babarbare umarni. Shekara talatin kana cika mana baki da wuta, yau ga ta ta ce tsaya ka tsaya." Na maimaita washegari a gaban mutane, aka yi dariya. Na sake jibi.

Wanda bai zauna da masu gyaran wuta na garin nan ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. A wurinsu duk abin da ke yanke wuta abokin gaba ne. Fiyus ya ƙone, ba a sayen sabo, silin waya ake murɗawa a sa a gurbinsa, aiki ya ci gaba. Baba Gana ya yi wa fanka da dutsen guga haka sau dubu, ba abin da ya faru. Ranar Laraba na gan shi ya buɗe akwatin, ya ɗauko waya mai kauri ya tsallake ɗan allon da ita. Ya ɗago ya ce, "Na sallami mai gadinka." Na yi dariya. Wallahi na tuna maganar Okechukwu a lokacin, amma ban faɗa ba, don kada a ce Bafillace ya ji tsoro.

Alhamis ya haye gadar bai tsaya ba. Ya zo yana ba da labari har da kwaikwayon yadda ya wuce wata tifa.

Ranar Juma'a ya jona keken a caji cikin shago, ya ja ƙofa, muka tafi masallaci tare, ina riƙe da hannunsa. Wutar layin ta janareto ce, mai hawa da sauka yadda ta ga dama, kuma yanzu babu abin da zai ce wa batiran sun ƙoshi. Muna dawowa muka hango hayaƙi. Matasan layi sun ɓalle ƙofar suna watsa ruwa da yashi, batiran na fashewa ɗaya bayan ɗaya, wutar na mutuwa tana sake tashi. Allah ya taƙaita, bangon shagona kawai ta lasa. Nasa kuwa ya tafi duka. Keken ya zama baƙin ƙarfe, kujerar ta narke.

Bai yi salati da ƙarfi ba, bai yi kuka ba. Ya tsaya da darduma a kafaɗa har aka gama, sannan ya ce a kira masa Ruwaida. A adaidaita aka kai shi gida, ya kwana huɗu bai tashi ba.

Masu fankokin da suka ƙone duk sun yafe. 'Yan layi suka ce za a sake kafa masa shago. Amma shago ba shi ne matsalar ba. Na je wurin Okechukwu, ya ce a shekara ashirin na sana'arsa keke irin wannan guda ɗaya ya taɓa shigo masa. Mai walda ya duba ƙarfen ya ce wuta ta cinye ƙarfinsa, ba zai ɗauki mutum ba. Yarjejeniyarsa da Ruwaida ta hau kansa, ya zauna a gida. Mutane suna ta faɗin tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ina amsawa da haka ne. An ce baki shi ke yanka wuya. Nawa bakin wuyan wani ya yanka, kuma ban san inda ake kai irin wannan ƙara ba.

Sau biyu na je duba shi a watan farko. Ya karɓe ni da "Malam Hamzat", ya tambayi iyali da aiki, kamar baƙo. Na jira ya zage ni irin na da, bai yi ba. Na ce masa ya yafe mini, ya ce ai hannunsa ne ya murɗa wayar, ya juya fuska bango.

Makon jiya na sake komawa Rijiyar Lemo. Na yi sallama a zaure, Ruwaida ta fito ta gaishe ni, ta ce bari ta faɗa masa. Ɗakinsa na jikin zauren, taga a buɗe. Na ji ta ce, "Baba, Baba Hamzat ne." Sannan na ji muryarsa, ta dushe, amma tasa ce.

"Ki ce masa na fita."