Na Sayar da Bakin Tabki

A shekarun da gyaɗa ta daina ciyar da gida, ni ne babban ɗa a gidanmu a Madarumfa, magidanci mai 'ya'ya uku da girman kai. Kullum ina duƙe da hauya, sa'o'ina suna wuce ni a kan moto da esansi, wato man fetur, da suka ɗauko daga Nijeriya ta Ɗan Issa. Mahaifinmu na rasuwa na tada rigima sai an raba gandu. Ƙanena ya roƙe ni in bari ko damina ɗaya ta wuce, na ce masa in shi ya yarda ya mutu a kunyar gona, ni ban yarda ba.

Rabona ya faɗo bakin tabki. Na sayar wa wani alhaji ɗan kasuwa daga Maraɗi, mutumin da bai taɓa riƙe hauya ba, amma yana bin gonakin talakawa yana haɗiyewa ɗaya bayan ɗaya. Na sayi moto, na shiga safarar esansi. Ban shekara ba aka karya darajar sefa, riba ta tsinke, na koma bin hanyar daji har 'yan duwan masu tsaron iyaka suka kama ni, moton ya tafi. Shi kuwa alhajin ya kewaye filin da waya, ya toshe hanyar da ƙanena ke bi ya ɗebo wa garkarsa ruwa. Albasa da tumatir suka ƙone a tsaye. Na je na durƙusa wa alhajin, ko daga mota bai fito ba. Ya ce da shaidu ya saya, in aiki nake so yana neman 'yan ƙwadago. Wallahi har yau in na tuna murmushinsa sai jinina ya tafasa.

Ƙanena ya kwashi iyalinsa ya tsallaka Nijeriya ba sallama. Mahaifiyarmu ta ce ba za ta yi mini baki ba, amma ba ta ƙara cin tuwon gidana ba har ta rasu.

Na tsani alhajin nan, amma ni na buɗe masa ƙofa. Yanzu rabin bakin tabkin na irinsu ne, 'ya'yan masu ƙasar na yi musu aikin yini. Manoma 'yan uwana, in mai mota ya tsaya yana yaba gonarku, kada ku ba shi ko tabarma. Kuɗinsa kwana kaɗan za su yi a hannunku, wayar da zai kafa kuwa jikokinku ma za su tarar da ita.