Askin da ban yi wa Baba Dokta ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe shago da safen nan, ko kilifar aski ban jona ba, mai shayin da ke gefena ya leƙo ya ce, "Sani, tsohonka Baba Dokta ya rasu." Wai bayan sallar asuba ya faɗi a tsakar gida, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Shekaranjiya fa yana zaune a kujerar nan.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Dokta malamin jami'a ne da ya yi ritaya. Abin da ya koyar shi ne yadda ɗan Adam yake tunani, saikoloji suke cewa. Shekara shida ni nake masa aski a nan Bosso, duk bayan sati biyu, ranar Alhamis. Ni a aji uku na sakandare na tsaya, amma "Farfesa" yake kirana.

Yakan ce, "Farfesa, kai ka san wajen kai, ni na san cikinsa. Da mun haɗa shago da tuni mun wuce nan."

Muna da wani wasa. Idan kwastoma ya fita sai ya tambaye ni, "Me ka gani?" In ce, "Wannan yana cikin damuwa." Sai ya girgiza kai. "Wannan zato ne. Me idonka ya gani?" In ce, "Ya duba waya sau bakwai, bai kalli madubi ba." Ya ce, "Yauwa. To kawo mini dalili biyu. Kada ka taɓa tsayawa a kan ɗaya."

Ranar da wani ɗalibi ya yi mini dariya don na kasa karanta saƙon Turanci, Baba ya ce masa, "Wannan da kake rainawa ya fi 'yan ajinku lura." Da innata ta kwanta asibiti, shi ya zauna ya warware mini takardar likita layi-layi.

Ga abin da ya hana ni sukuni.

Wata uku da suka wuce na yi masa aski ranar Alhamis. Asabar sai ga shi, ya zauna, ya ce, "Farfesa, gashi ya taru." Kai kuwa tas. Shago cike da ɗalibai. Sai na ɗaura masa zane, na sa wa kilifa babban mataji wanda ba ya kama gajeren gashi, na zagaya kan a hankali, na kakkaɓe, na shafa sifirit. Ya kalli madubi ya ce, "Madalla."

Sau biyar muka yi haka.

Na nemo dalili biyu kamar yadda ya koya mini. Ko mantuwa ce ta fara kama shi, ko gwada ni yake. Domin mutum ne da ya taɓa zuwa da takalmi wari da wari da gangan, don kawai ya ga ko zan lura.

'Yarsa Anti Maimuna takan tsaya a ƙofar shago idan za ta wuce Shango wurin aiki. Sau biyu ta tambaye ni, "Sani, ya kake ganin Baba?" Na ce lafiya lau. Na ji nauyin in ce mutumin da ya koyar da tunani nasa tunanin yana zamewa, alhali ban tabbata ba.

Shekaranjiya ya sake dawowa. Ina cikin zagaya kilifar sai ya kama idona ta madubi.

"Farfesa, babu gashi ko ɗaya a kan zanen nan."

Hannuna ya tsaya.

"Me ka gani?"

Na ce, "Na ga kana dawowa, Baba."

"Dalili biyu?"

Na sunkuyar da kai ina kallon kilifa. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Kana da haƙuri, yaron nan. Ci gaba, ka gama aikinka."

Na ji sanyi a raina, na ce ashe gwaji ne. Amma da ya fita sai ya yi hagu, gidansa kuwa dama yake. Ya yi taku kamar goma, ya tsaya, ya daɗe yana kallon masu keke, sannan ya juyo. Bai waiwayo shago ba.

Wallahi ban sani ba. Idan ciwo ne, da na yi magana an kai shi wurin likita, wataƙila da an gano wani abu. Idan kuma wasa ne, to ya tafi bai gaya mini ko na ci ba.

Bayan jana'iza zan je wurin Anti Maimuna. Ba zan ce mata Baba ya yi mantuwa ba, ba zan ce gwaji ba ne. Zan ce ya zo sau shida da kai a aske, kuma ya yi hagu. Abin da idona ya gani ke nan. Da ma tun ranar da ta fara tambayata na faɗa mata.

Allah ya jiƙan Baba Dokta, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Idan shiruna kuskure ne, Allah ya yafe mini. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a, ni ma ku sa ni, in iya buɗe baki a gaban Anti.